Gorar da Ba Ta da Suna: Ɓarnar da Haɗin Gida ke Yi wa Kantar Kicin

Haɗa kayan wanke-wanke a gida, wato sabulun ruwa da ruwan bilic da aizal da ruwan wankin masai, yana cikin sana'o'in da suka fi saurin bazuwa a tsakanin matan arewacin Nijeriya a 'yan shekarun nan, kuma sana'ar ba ta tsaya a manyan birane ba, domin ta bi titin da ya tashi daga Sakkwato zuwa Illela har ta shiga garuruwan bakin iyaka irin su Tozai, ɗaya daga cikin mazaɓun ƙaramar hukumar Illela. Dalilin bazuwarta ba ɓoyayye ba ne. Tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, darajar naira kuma ta faɗi a watannin da suka biyo baya, har hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100 a Disambar 2024 bisa ƙididdigar hukuma, kwalbar sabulun kamfani ta fi ƙarfin gidaje da yawa, sai gorar da maƙwabciya ta haɗa ta maye gurbinta. Babu mai adalcin da zai ga laifin matar da ta nemi na cefane ta wannan hanya, ko na wadda ta saya don ya fi araha. Sai dai akwai wata ɓarna da ke tafe da wannan sana'a wadda ba a cika danganta ta da ita ba, ita ce lalacewar daɓe da tayil da kantar kicin da tukwane, kuma wannan ɓarna, duk da cewa ta dukiya ce, alama ce ta wata matsala da ta fi ta girma.

Abin da ake nufi da kantar kicin shi ne dakalin nan mai tsayin ƙugu da ake ginawa a jikin bangon ɗakin girki, inda ake yanka albasa, a ajiye kwanuka, a kafa wurin wanke-wanke. Gaskiya ne cewa yawancin gidajen Tozai da ƙauyukan da ke kewaye da ita har yanzu a madafi ake girki, a kan murhu, kuma ba kanta ce damuwarsu ta farko ba. Amma duk wanda ya lura da sababbin gine-ginen 'yan kasuwar bakin iyaka da ma'aikata, da irin gyaran da ake yi wa ɗakin amarya, ya san siminti mai santsi da tayil sun riga sun shiga karkara, tarazo da mabul da giranit kuma suna biye da su a gidajen masu hali. Kayan gini sun canza cikin ɗan lokaci, sanin yadda ake kula da su bai biyo su ba, domin mai gini yana miƙa makulli ne kawai, ba ya faɗa wa uwargida abin da dutsen da ya shimfiɗa mata yake so da abin da yake ƙi.

Ilimin da ake buƙata a nan ba baƙo ba ne ga matar Bahaushe, ko da ba ta taɓa shiga aji ba. Ta san abubuwa sun kasu biyu, akwai masu tsami irin su tsamiya da lemun tsami da yakuwa, wadda Sakkwatawa ke kira sure, akwai kuma dangin kanwa irin su ita kanwar da ruwan toka, kuma ta san ɗayan yana kashe ɗayan, shi ya sa take jefa 'yar kanwa a miyar sure ta ga ta yi kumfa tsamin ya kwanta. Masana kimiyyar sinadarai suna kiran masu tsamin asid, kuma tun shekarar 1909 wani ɗan ƙasar Denmark mai suna Sørensen ya fito da ma'aunin da ake kira pH, wanda ke tashi daga 0 zuwa 14, inda ruwa mai tsabta yake tsakiya a kan 7, duk abin da ya yi ƙasa da haka yana ɓangaren tsami, wanda ya haura kuma yana ɓangaren kanwa. Ruwan lemun tsami yana wajen 2, jiƙaƙƙiyar kanwa tana wajen 10, ruwan bilic yana tsakanin 11 da 13, sodar sabulu da ake kira kostik tana kaiwa 14, ruwan wankin masai mai asid kuwa yakan sauka zuwa 1 ko ƙasa da haka. Abin da ya kamata a riƙe game da wannan ma'auni shi ne kowane mataki ɗaya ninki goma ne, saboda haka tsakanin ruwan da ke kan 4 da wanda ke kan 1 akwai ninki dubu, alhali a ido dukansu ruwa ne mai launi da ƙamshi a cikin gora.

Tsohon sanin ya dace da tsofaffin kaya. Toka da kanwa suna cire maiƙo daga tukunyar ƙasa da akushi ba tare da sun cuce su ba, tsamiya tana fito da hasken tasar tagulla, kuma kanwar da fatake suka shafe ɗaruruwan shekaru suna kawowa ƙasar Hausa daga Manga da bakin tafkin Cadi da kwarurrukan yammacin Nijar ba ta da kaifin da zai ci dutse. Sinadaran da ake sayarwa yanzu a kasuwa, a ƙulle a leda ko a jarka, na masana'anta ne, ƙarfinsu ya ninka na tsamiya da kanwa ninkin ba ninkin, amma hannun da ke amfani da su yana auna su ne da idon da ya saba auna kanwar miya.

Dutsen da ya fi saurin cutuwa shi ne wanda asalinsa farar ƙasa ce, kuma mutanen wannan yanki a kansa suke zaune. Shimfiɗar dutsen farar ƙasa da ke Kalambaina, wadda saboda ita aka kafa kamfanin siminti na Sakkwato a 1962 har ya fara aiki a 1967, ta miƙa arewa ta ƙetare iyaka, shi ya sa a Malbaza ta Jamhuriyar Nijar, ba nisa da Birnin Ƙonni, ake da wani kamfanin simintin. Mabul, wanda ake haƙowa a wurare irin su Jakura a jihar Kogi da Igbeti a jihar Oyo, shi ma farar ƙasa ce da zafi da nauyin ƙasa suka mayar da ita dutse mai ɗaukar ƙyalli. Tarazo kuwa tsakuwar mabul ce aka kwaɓa da siminti aka goge, shi kansa simintin kuma daga farar ƙasa aka ƙona shi. Dukansu sinadari ɗaya suka tara, wanda yake cikin ɓawon ƙwai, kuma wannan sinadari ba ya zama lafiya da asid kowane iri.

Ana iya ganin abin da ido. Idan aka ɗiga ruwan wankin masai mai asid a kan guntun mabul, nan take wurin zai fara tsiyayar ƙananan kumfa yana wata 'yar ƙara kamar an buɗe kwalbar lemo, kuma wannan kumfa ba dauɗa ce ke fita ba, jikin dutsen ne ke narkewa yana sakin iska. Bayan an goge, wurin zai bar zagayen da ya dusashe, ya yi fari-fari, idan aka shafa ɗan yatsa a ji kaushi inda a da yake da santsi. Ko rabin lemun tsami da aka manta a kife a kan kanta, ko gindin kofin zoɓo da ya kwana, suna barin irin wannan zagaye, sai dai nasu a hankali yake fitowa. A nan ne kuskure na biyu ke shigowa, domin uwargida takan ɗauka tabo ne, sai ta ƙara zuba ruwan da ya fi ƙarfi, ta haɗa da soson ƙarfe, alhali tabo abu ne da ya hau kan dutse ko ya shiga cikinsa, wannan kuwa wani ɓangare ne na dutsen ya tafi, kuma abin da ya tafi wanki ba ya dawo da shi. Maganinsa ɗaya ne, a kira mai injin gurza ya sassaƙe saman kantar duka ya sake goge ta, aikin da kuɗinsa kan ninka duk rarar da aka samu a shekara guda ta sayen gorar araha. Garin neman gira ke nan aka rasa ido.

Akwai dalilin da ya sa matan yankunan farar ƙasa suka fi kowa son ruwa mai asid, kuma dalili ne mai ƙarfi. Ruwan rijiya ko na burtsatse da ya ratso ta irin wannan dutse yana ɗauke da narkakkiyar farar ƙasa, idan ya bushe sai ya bar farin ɓawon nan da ake gani a bakin famfo da cikin butar shayi da jikin masai, wanda sabulu ba ya cire shi kome gurzawa. Asid kaɗai ke narkar da shi cikin sauƙi, saboda haka duk wadda ta gwada ta ga masai ya yi fes za ta ɗauka ta sami maganin kowace dauɗa. Abin da ba a faɗa mata ba shi ne wannan farin ɓawo da tarazon ɗakinta abu ɗaya ne a wurin asid, ba ya bambance wanda ake son ya ci da wanda aka saya da tsada. Kwanon masai yana tsira ne saboda rufin gilashin da aka gasa a jikinsa, ba don ruwan yana da sauƙi ba.

Tayil ma irin wannan rufi gare shi, shi ya sa ake ganin kamar ya fi ƙarfin komai, amma rauninsa yana tsakanin layukansa, inda aka cike da farin siminti. Asid yana cin wannan siminti kaɗan-kaɗan har layin ya zurma, ruwan wanke-wanke ya riƙa sauka ƙarƙashi, daga nan tayil ya fara amsa kuwwa idan an ƙwanƙwasa shi, ya ɗaga, ya fashe, gurbin kuma ya zama gidan kyankyasai da maiƙon da tsumma ba ya kaiwa. Wasu masu sa tayil su ne ke fara wannan ɓarna tun kafin a tare a gidan, domin sukan wanke ragowar siminti da asid mai ƙarfi, wani lokaci ma da ruwan batir, ba tare da sun ɗauraye da ruwa mai yawa ba, kuma daga wurinsu masu gida ke koyon dabarar. Tururin irin wannan asid shi kaɗai ya isa ya sa famfo da hinjin ƙofa su yi tsatsa ko da ruwan bai taɓa su ba.

Giranit ya fi juriya, domin kaso mai yawa na jikinsa dangin yashi ne, wanda a ma'aunin taurin duwatsu yake kan 7 yayin da mabul yake kan 3, amma shi ma ana shafa masa wani mai da ke toshe ƙananan ƙofofinsa, kuma asid ko soda mai ƙarfi suna wanke wannan mai su bar shi yana shan manja da ruwan tumatir. Kantar katako mai rufin Formica takan ƙone ta yi fari inda ruwa mai kaifi ya kwanta. Sinkin ƙarfen da ake cewa ba ya tsatsa yana yin ƙananan ramuka kamar cin zago idan aka bar bilic ya kwana a cikinsa. Wanda ya fi shafar talaka shi ne tukunyar da ake kira ta dalma, wadda a haƙiƙa ta alminiyam ce, domin sodar sabulu tana cin alminiyam kai tsaye, ta baƙanta shi, ta sirantar da gindinsa har ya huje, a lokaci guda kuma tana fitar da iskar da ke kama wuta. Matsalar ba ta wannan ƙasa kaɗai ba ce, domin a Amurka da Ingila masu haɗa abin sha a gida suna kuka da zagayen da ruwan tsabtace kwalabensu mai asid ke bari a kan kanta, bambancin kawai shi ne nasu ruwan yana zuwa da takarda da ke faɗin abin da ke ciki.

Ba a nan gizo ke saƙar ba. Ruwan wankin masai an san mai kaifi ne, wanda ya zuba shi a kanta ya yi kuskuren wuri. Abin da ya fi damuwa shi ne sabulun ruwa na wanke kwanuka, wanda ya kamata ya zauna kusa da 7, amma a haɗin gida yakan karkata can gefe ba tare da mai haɗawa ta sani ba. Ginshiƙin wannan sabulu abubuwa biyu ne masu gaba da juna, asid mai kauri da duhu kamar zuma da ake kira salfonik, da sodar kostik, kuma sabulun yana samuwa ne idan suka kashe juna daidai wa daida, sauran kayan, irin su Texapon mai ƙara kumfa da garin da ke kawo kauri da kala da turare, ƙari ne kawai. Idan salfonik ya yi yawa sabulun zai fito da tsami, ya riƙa dusar da tarazo da mabul kullum kaɗan-kaɗan. Idan soda ta yi yawa zai fito da zafin da ke tsattsage hannu, ya cinye tukunya. A masana'anta ana auna kowanne da sikeli, sannan a gwada sakamakon kafin a ɗura. A tsakar gida ana aunawa da cokali da kofi da gwangwanin madara, kuma ko da matar ta bi abin da aka rubuta mata sau da ƙafa, kayan da kansu ba sa zama iri ɗaya, domin salfonik akwai mai ƙarfin kashi 90 akwai mai 96, wanda ya biyo ta hannun 'yan kiri kuma ba a rasa mai sirka shi, ita kuwa soda tana zuƙar laima daga iska, ta yadda cokalin da aka ɗiba a watan Maris da wanda aka ɗiba a tsakiyar damina daga ledar da aka bari a buɗe ba ƙarfinsu ɗaya ba. Haka ake samun haɗi biyu daga hannu ɗaya da takarda ɗaya, na farko lafiya lau, na biyu yana sa mai wanke-wanke ta kwana tana hura tafin hannunta.

Laifin wannan, idan za a faɗi gaskiya, ya fi komawa kan masu koyarwa. Shirye-shiryen koyar da sana'o'in hannu da 'yan siyasa da ƙungiyoyi ke shiryawa sun mayar da haɗa sabulu darasin yini ɗaya ko biyu, saboda shi ne ya fi sauƙin nunawa a gaban kyamara: a tara mata a ɗakin taro, a juya bokiti har ya yi kumfa, a raba takardar shaida da ledar kaya, a watse. Ana koyar da jerin abin da za a zuba da yadda za a juya, ba a koyar da dalilin zuba kowanne, balle yadda za a gane haɗin ya kauce da yadda za a gyara shi. Wadda ta koya ta koya wa ƙanwarta, ita kuma ta tura wa ƙawarta ta WhatsApp, a kowane mataki wani abu yana faɗuwa, yawanci gargaɗin ne ke fara faɗuwa, irin su cewa soda ake zubawa cikin ruwa ba ruwa cikin soda ba, domin tana ɗaukar zafi har ta yi tartsatsi, da cewa ba a jiƙa ta a kwanon alminiyam, da cewa ba a haɗawa sai da safar hannu a wurin da iska ke shiga. Wasu takardun ma har yanzu suna cewa a zuba fomalin don kada sabulun ya lalace, alhali tun 2004 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya sinadarin da ke cikinsa a jerin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa cutar. Ga mai saye kuma ma'aunin kyau shi ne yawan kumfa da kauri da zafi a hannu, har akan ji ana yabon haɗi da cewa yana da ƙarfi, wato ana yabon aibinsa.

Ruwan bilic nasa batun daban ne, domin ba abin da za a ce a bari ba ne. A annobar kwalara ta 2021, wadda Sakkwato na cikin jihohin da ta shafa, an ƙidaya sama da mutum 100,000 da ake zaton sun kamu a faɗin Nijeriya, sama da 3,000 suka rasu, kuma ruwan kulorin yana cikin makaman farko na yaƙar irin wannan cuta. Amfaninsa kuwa ya dogara ne kacokan kan sanin ƙarfinsa. Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar don goge saman kaya ita ce kashi 0.1 cikin 100, saboda haka bilic na kamfani mai ƙarfin 3.5 ana sirka murfi 1 nasa da murfi 34 na ruwa, a bar shi ɗan lokaci, a ɗauraye. Wanda aka haɗa a gida da garin kulorin da soda babu wanda ya san inda ya tsaya, kuma zafin rana yana rage masa ƙarfi, a ƙasar da zafin Afrilu da Mayu ke wuce digiri 40, saboda haka gorar da ta yi makonni a kan tebur a rana tana iya rasa ikon kashe ƙwayar cuta, amma sodar da ke cikinta tana nan da kaifinta. Zaman bakin iyaka ya ƙara wani ruɗani, domin kayan da suka fito ta ɓangaren Ƙonni da Faransanci aka rubuta su, bilic ɗinsu sunansa Javel, sunan wata unguwa a birnin Paris inda aka fara yin sa a ƙarshen ƙarni na 18, kuma sau da yawa da digiri ake rubuta ƙarfinsa, inda digiri 12 yake daidai da kusan kashi 3.6. Kwalba ɗaya da Turanci, ɗaya da Faransanci, ta uku babu rubutu ko kaɗan, mai amfani da su kuma Hausa take ji, wataƙila ajami ya fi mata sauƙin karantawa a kan boko.

Daga nan ne haɗari ke tashi daga kan dutse ya koma kan rai. Idan bilic ya haɗu da ruwa mai asid, ko na wankin masai ne ko ruwan tsami ne na girki, yana sakin iskar kulorin, wadda ita ce aka fara amfani da ita a matsayin makamin guba a garin Ypres na ƙasar Beljiyam a ranar 22 ga Afrilun 1915, kuma a cikin ƙaramin banɗaki marar taga kaɗan daga cikinta ya isa ya shaƙe mutum. Al'adar haɗa ruwa biyu ko uku a bokiti ɗaya don aikin ya yi kyau ta zama ruwan dare, kuma ba jahilcin karkara ba ne, domin a Amurka hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar ta bayyana cewa a watanni ukun farko na 2020, lokacin da tsoron korona ya sa kowa goge-goge, an kira cibiyoyin kula da guba sau 45,550 kan kayan wanki da na kashe ƙwayar cuta, ƙarin kusan kashi 20 cikin 100 a kan irin waɗannan watanni na 2019. Idan haka ta faru inda kowace kwalba ke da gargaɗi a jikinta, sai a yi tunanin inda ake ɗura ruwan a tsohuwar gorar lemo.

Ita wannan gora ita ce mafi muni. Jiƙaƙƙiyar soda, wadda akan bari ta kwana kafin a haɗa sabulu, ba ta da launi ba ta da wari, kamar ruwan sha take, kuma likitocin yara a asibitocin koyarwa na Nijeriya sun daɗe suna ba da rahoton yaran da suka kurɓe ta, da yawansu daga gidajen masu yin sabulu. Tana ƙona bututun da abinci ke bi daga maƙogwaro zuwa ciki, idan ya warke ya tsuke, yaro ya kasa haɗiyar tuwo, wani lokaci ko ruwa, sai an yi ta buɗa shi ko a yi masa tiyata. Abin da aka saba yi na ɗura wa yaro manja ko sa masa yatsa ya yi amai yana ƙara ɓarna ne, domin aman yana sake bi da sodar ta inda ta ƙona, ba shi tsami don ya kashe ta ma kuskure ne. Abin yi shi ne a wanke bakinsa da ruwa a garzaya da shi asibiti tare da gorar. Daga Illela zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato tafiya ce ta sama da kilomita 80.

A doka, kayan wanki da sinadarai suna ƙarƙashin kulawar hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, amma duk wanda ya san kasuwar Illela ta ranar Lahadi ya san babu hukumar da za ta iya bin kowace gora, kuma kame da ƙwace ba za su haifar da komai ba illa su mayar da sana'ar cikin ɗaki su raba mata da abincinsu. Inda ya kamata a matsa shi ne wurare biyu da ake iya ƙidayawa, wato dillalan da ke sayar da sinadaran a manyan kasuwanni, waɗanda bai dace su miƙa soda ko asid a leda marar suna ba, da masu shirya horo, waɗanda bai dace su ba da takardar shaida ga wadda ba ta taɓa riƙe takardar gwajin pH ba. Wannan takarda 'yar siririya ce da ke canza launi idan aka tsoma ta, ana sayar da ita a shagunan kayan kimiyya, fakiti ɗaya yana isar mai haɗawa watanni, kuma kuɗinsa bai kai na rigar da ake bugawa da hoton mai ɗaukar nauyin taron ba.

Kafin takardar gwajin ta samu, tsakar gida ba ta rasa abin gwaji. Ruwan zoɓo da aka sirka ya yi haske yana canza launi idan ya haɗu da dangin kanwa, daga ja ya koma shuɗi-shuɗi ko kore, saboda haka sabulun wanke kwanukan da cokalinsa ɗaya ya mayar da zoɓo kore shar soda ta yi masa yawa. Ruwan da aka ɗiga a kan dakakken ɓawon ƙwai ya tafasa kuwa, abin da zai yi wa tarazo da mabul da layin tayil ke nan. Wadda ba ta san irin dutsen kantarta ba za ta iya matsa lemun tsami a wani lungu da ba a gani, ta bar shi 'yan mintuna ta goge, idan wurin ya dusashe ta san dutsen farar ƙasa gare ta, wanda ba ya buƙatar komai sai ruwa da ɗan sabulu mai sauƙi da busasshen tsumma. Waɗannan gwaje-gwaje ba su kai na takarda daidaito ba, kuma zoɓo ba ya aiki a kan bilic domin bilic kashe launin yake yi baki ɗaya, amma sun fi dogaro da kumfa da ƙamshi.

Saura kuma na mai haɗawa ne, kuma ba ya cin ko sisi in ban da alƙalami da guntun takarda. Kowace gorar da za ta fita daga hannunta ta ɗauki sunan abin da ke ciki da Hausa, da boko da ajami, da wurin da ake zuba shi da wurin da ba a zubawa, da gargaɗin kada a haɗa shi da wani ruwan, sodar da aka jiƙa kuma ta kwana a rufe a inda hannun yaro ba ya kaiwa. Masu shirya horo a Illela da Sakkwato, da malaman kimiyya na makarantun sakandaren yankin waɗanda suka san wannan darasi tun daga aji ɗaya, su ne ya kamata su fara sa shi a cikin abin da ake koya wa mata, tun kafin a raba ledar kaya ta gaba.